Shin Alama Ta Isa Hujja?

A cikin wayar Android ko kwamfutar Linux, manhajoji suna zance da juna ta wasu kafofi na cikin gida da ake kira soket. Kafin manhaja ta amsa kira, tana iya tambayar kanel, wato jigon tsarin, wace alama ce a kan mai kiran. Tsarin SELinux, wanda hukumar NSA ta Amurka ta fitar a 2000 ya kuma shiga Linux a 2003, shi ke liƙa alamar mai sassa huɗu: mai amfani, matsayi, nau'i da mataki. Mai kula da na'ura yana duba ta da umarnin ss -Z. Dokar SELinux ta dole ce: ko mai fayil ba ya buɗe abin da ta rufe, manhaja kuma ba ta sa wa kanta alamar da ta ga dama.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan tsohuwa ce: me ya sa za a yarda da alama? A kasuwannin dabbobi na Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut da Belbeji, dillali yakan zagaya raƙumi ya duba wuya da cinya, inda Buzaye ke yin shaidar gidansu da ƙarfen wuta. Bakin mai sayarwa na iya faɗin komai, amma tabon ya riga cinikin. Musulunci ya san wannan hanya: Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa raƙuman zakka alama da hannunsa, Muslim kuma ya ruwaito hanin yin ta a fuska.

Ƙarfin alama yana kan abu uku. Wanda ya sa ta ya zama amintacce, wanda ke ɗauke da ita ya kasa sauya ta, mai dubawa kuma ya san karanta ta. In ɗaya ya faɗi, hujja ta faɗi.

Ko sun cika, alama asali take faɗa, ba niyya ba. Manhajar da ɓarawo ya kutsa cikinta tana nan da alamarta ta gaskiya. Malaman fiƙihu sun ce alƙali yana hukunci da zahiri, abin da ke ɓoye kuwa Allah ne masaninsa. Shi ya sa SELinux ba ya tsayawa ga gane mai kira: yana ƙayyade wa kowane nau'i iyakar abin da zai taɓa, domin ko amana ta ɓaci, ɓarnar ta tsaya cikin wannan iyaka.