Ko Ya Halatta Mutum Ya Ƙi A Rubuta Shi?

Tun zamanin Turawa talakan ƙasar Katsina ya san cewa in malamin En'e ya sauka ƙofar dagaci da littafi da alƙalami, to, haraji na biye. Wanda aka rubuta sunansa shi ke biya, wanda aka ƙidaya shanunsa shi ke ba da jangali. Shi ya sa garke kan shige daji da zarar an ji ƙishin-ƙishin masu ƙidaya. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, sa'ad da Katsina ke cikin Jihar Kaduna, amma tsoron littafin hukuma bai tafi tare da su ba.

Yanzu littafin ya koma cikin kwamfuta. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, ita ke ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa, ta ba shi lamba mai alƙaluma 11. Mutane da yawa suka yi ta jan ƙafa. Ran 11 ga Disamba, 1442 ta Hijira tana ciki, watau 2020, ɓarayin daji suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A cikin watan nan ne kuma Gwamnati ta ce kowa ya haɗa lambarsa da layin wayarsa, in ba haka ba a toshe. Babbar hujjar da aka bayar ita ce tsaro, wai mugu ba zai ƙara buga waya ya nemi kuɗin fansa ba a san shi ba.

To, manomi ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota, ya yini a layi. Sai ga shi a Satumba 2021 an katse waya ɗungum a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aka shafe watanni, wanda ya ba da yatsunsa da ɓarawon da bai bayar ba hukuncinsu ɗaya. In wannan manomi ya ce an karɓi nasa ba a biya shi ba, wa zai ƙaryata shi?

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗari-ɗari rashin ilmi ke kawo shi. Mutanen Japan kusan dukansu sun yi makaranta, amma da aka haɗa rajistar mazauna ƙasarsu cikin kwamfuta a 2002, wani ɗan gari, Yamatsuri, ya ƙi shiga, waɗansu kuma suka kai ƙara har babbar kotu, ko da yake ba su ci ba. Da aka raba musu lamba mai alƙaluma 12 a 2015, shekaru aka yi ana lallashinsu da lada kafin yawancinsu su karɓi katin. Abin da suke tambaya shi ne, wa ke riƙe da littafin, wa kuma zai iya leƙa shi? Mu ma tambayar ta shafe mu, gama a 2024 wata ƙungiya ta bayyana cewa ta iske ana sayar da bayanan 'yan Nijeriya a intanet kan naira 100. Hukumar ta ce ba a fasa rumbunta ba.

Duk da haka, ni ban ga ƙin ya zama mafita ga talaka ba. Ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyin ƙinsa ba. Tun 2021 yaro ba ya zaman jarrabawar shiga jami'a sai da lamba, fasfo ma ba ya samuwa, balle a je Hajji. Wanda kuma ba ya cikin littafi, ran da aka zo rabon taki ko agajin 'yan gudun hijira, da sauƙi a ce ba a san da shi ba. A dā ɓuya kan tsirar da saniya, yau kuwa ɗan mutum take hana wa karatu.

Sai dai sunan mutum da yatsunsa amana ce ya danƙa, mai karɓar amana kuwa shi ake tuhuma in ta salwanta. Saboda haka wanda ya tsaya gaban malamin rajista yana da ikon ya tambayi inda za a ajiye bayanansa, ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya tashi, don gyaran suna ko shekarar haihuwa daga baya da kuɗi ake yinsa. Rajistar fari kuwa kyauta ce bisa doka, in an nemi ya biya ya ce a nuna masa inda aka rubuta.