Ba Bara Kuka Je Ba, Sana'a Kuka Kai

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a Arewa daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980, tambaye shi wa ya koya masa lissafi da kimiyya. Da wuya bai ambaci Ba'indiye ba, ko ɗan Pakistan, ko ɗan Filifin, ko mutumin Gana. Larabci kuwa, Misirawa da 'yan Sudan sun taka rawa. Mutanen nan sun baro iyalansu, suka tare a gidajen malamai a Zariya da Katsina da Sakkwato, suka sha zafin bazara da ƙurar hunturu, yara na kwaikwayon maganarsu a bayan aji. Ba wanda ya ce bara suka zo. Da aka kori baƙi a 1983, 'yan Gana suka ɗaure kaya, sai ga ajujuwa ba malami, a nan aka san darajarsu.

Yau namu ne ke ɗaukar akwati. Malamai maza da mata daga ƙasar nan suna tsaye gaban allo a Doha, da Dubai, da Riyad, da Jidda, da garuruwan Ingila. Da ku nake magana, ku da kuka riga kuka tafi, da ku da takardunku ke cikin jaka kuna jinkiri, zuciya na ce muku wannan fage ba naku ba ne.

Naku ne, kuma ba ku kuka fara ba. Muhammadu al-Kashnawi ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, a can ya rasu a 1741. Malamin lissafi daga ƙasar Hausa, a birnin Azhar, tun ba jirgi ba biza. To ina dalilin da jikansa zai shiga ɗakin malamai yana sunkuyar da kai?

Su makarantun ƙasa da ƙasa da ke ɗaukar malaman namu, asalinsu 'ya'yan jakadu da ma'aikatan ƙungiyoyin duniya aka yi wa. Ta Jiniba an buɗe ta a 1924, kuma a birnin ne aka kafa tsarin karatu na IB a 1968. Yanzu akasarin ɗalibansu 'ya'yan masu hali ne na ƙasar da makarantar take, iyayen da suka biya kuɗi mai tsoka suna so su ga abin da suka saya. Wannan shi ne sirrin duk wahalar aikin. A gida, uba zai kawo ɗa ya ce, "Malam, ga shi nan, amana." A can, ƙarfe goman dare saƙon imel zai shigo daga wata uwa tana tambayar dalilin da ɗanta ya sami maki shida maimakon bakwai, kuma tana jiran amsa kafin tara na safe, da hujja a rubuce.

Sai ranar duba. A Dubai hukumar KHDA ce ke auna makarantu masu zaman kansu, ta buga matsayin kowacce ga kowa ya gani, don haka shugaban makaranta ba ya barci, kai ma ba zai bar ka ka yi ba. Kana tsakiyar darasi za a turo ƙofa, wata mai duba ta shigo da kwamfuta a hannu ta nemi kujera a baya. Ba kai take kallo ba. Za ta durƙusa kusa da yaron nan na lungu wanda bai taɓa ɗaga hannu ba, ta ce, "Me kuke koyo yau? Ta yaya za ka san ka gane?" Ta buɗe littafinsa ta ga ko jan biron da ka sa ya gaya masa abin da zai gyara, ko kuwa maki kawai ka dangwala ka wuce. Ba a tambayar ko ka koyar. Ana tambayar ko ya koya. Karon farko gwiwa za ta yi sanyi, babu shakka. Amma malam, tsaya ka tuna daga inda ka fito. Kai ne ka riƙe aji mai yara fiye da ɗari, rabinsu a ƙasa, allo ya koɗe, alli sai ka saya da kuɗinka, albashi ya yi wata biyu bai zo ba, kuma a haka wasu suka ci jarrabawar WAEC suka shiga jami'a. Kai ne ka zana bututun gwaji a allo don babu ɗakin gwaji. Yanzu an ba ka yara ashirin da 'yan kai, da majigi, da sanyin na'ura, da ɗakin gwaji cike da kaya. Abin da ya rage maka salo ne kawai, salo kuwa ana koyonsa a zango ɗaya. Haƙurin da ka zo da shi ba a koyar da shi a kowace kwaleji.

Akwai abin da dole a ajiye a filin jirgi, wato bulala da tsawa. Ɗaga hannu a kan yaro a can kora ce, wani lokaci har da 'yan sanda. Yaro zai dube ka cikin ido ya ce, "Don me?" Ba rashin kunya yake nufi ba, haka aka tarbiyyantar da shi, kuma tsarin IB ma haka yake so: ɗalibin ajin ƙarshe sai ya rubuta bincikensa na kansa mai kalmomi har 4,000 kafin ya sami shaida. Ni a ganina wannan "don me" ita ce babbar tsarabar da malami zai kawo gida, ta fi mota daraja.

Ba zan rufe ku da zaƙin baki ba. Akwai cin fuska. Akwai makarantun da ke rubutawa a tallar aiki cewa wanda aka haifa da Turanci a baki suke nema, ma'ana launin fasfo suke dubawa kafin su dubi digiri. Kana iya gano cewa wanda kake gyara wa tsarin darasi ya fi ka albashi, don kawai daga Landan ya taso. Wata rana uba zai zauna gabanka a taron iyaye ya ce ɗansa ba ya gane Turancinka. Kada ka fusata, kada kuma ka koma maƙale murya kana magana ta hanci don ka burge. Rage gudun harshe, rubuta kalmomin da suka fi wuya a allo, ka bar sakamakon jarrabawar IGCSE ya fito a watan Agusta. Takardar sakamako ba ta da karin harshe. Daga nan ka shiga ofis da alkaluman a hannu ka nemi ƙari, ka nemi shugabancin sashe. Mun cika kawaici, muna jiran a gani a yaba. A wajen nan wanda bai buɗe baki ba, ɗauka ake ya ƙoshi.

Kewa kuwa ba ta da magani sai zumunci. Malama za ta buɗe akwati ta fito da kuka da daddawa da yaji da aka ɗaure a leda uku, ta kaɗa miya a ɗakin da makaranta ta ba ta, ta ci ita kaɗai, waya a jingine da kofi tana kallon yaranta suna rigima a Kano. A ƙasashen Larabawa da sauƙi: azumi ana rage awoyin makaranta, kiran salla na shigowa har aji, wanda ke Jidda kuwa Umra ba ta fi tafiyar ƙarshen mako ba. A Ingila ranar Idi ranar aiki ce, sai ka nemi izini. Ku nemi juna. Wanda ya daɗe ya tari sabon zuwa, ya nuna masa inda ake sayar da gero da inda ake canjin kuɗi ba cuta.

Kuma ku tuna kwantiragi ne, galibi shekara biyu, sau da yawa ba fansho a bayansa. A ƙasashen Galf ba a cire harajin albashi, makarantu da yawa suna ba da gida da tikitin hutu, to wannan rarar ba ta kantin zamani ba ce. Fili, ginin bulo, karatun ƙanne, digiri na biyu.

Wasu na cewa tafiyarku zalunci ce ga yaran gida. Akwai ƙamshin gaskiya, domin malamin kimiyya ɗaya da ya tafi, giɓinsa ba ya cikewa da wuri. Amma gwamnatin tarayya da kanta ta kafa shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan a 1987, malamai na cikinsu, ana tafa musu. Wanda yake son malami ya zauna, ya biya shi a kan lokaci. Ku kuma da kuka zaɓi zama, kuna riƙe da firamaren ƙauye, ba ku gaza ba ko kaɗan. A hannunku masu tafiyar suka koyi baƙi.

Kai mai niyya, tashi ka haɗa takardunka. Makarantun nan digiri suke nema tare da shaidar koyarwa, don haka in NCE kaɗai gare ka, ka ƙarasa, in digirinka ba na ilimi ba ne, ka yi PGDE. Ka yi rajista da TRCN, ka karɓi takardar da ke shaida cewa ba ka da tabo a aiki. Ka sa a tantance shaidunka a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, ka nemi takardar 'yan sanda. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya da na Gana ƙofar neman shaidar koyarwa ta QTS, ga masu lissafi da kimiyya da harsuna. Kada ka sayar da gonar gado ka ba dillalin da ya ce ka tafi da bizar yawon buɗe ido, aiki na jiranka. Makarantar kirki ita ke yi maka biza, kuma sai ka karanta kwantiragi layi-layi kafin ka sa hannu. Guraben da za a fara a watan Satumba ana tallata su tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabace shi. Ka gyara takardar tarihin aikinka a makon nan, ka ba wani ya duba maka, ka tura.