WANE NE MANOMI A TAKARDA?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga ya kyautu in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, tun da yake mu ta fi shafa. Ita ce: idan gwamnati ta ba da abu da sunan manomi, ɗan manomi wanda ya iya cika takarda ya karɓe, shin haƙƙin wani ya ci, ko kuwa rabonsa ne ya rantse?

Ga asalin maganar. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ga kuma yajin aikin malaman jami'a wanda bai ƙare ba sai Disamba, duk muka koma gida. A watan nan ne Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira biliyan 50 don bai wa magidanta da masu ƙananan sana'o'i rance, har da manoma, ta hannun bankin NIRSAL. Amma fa ta intanet ake nema, kuma sai da asusun banki da lambar BVN.

To, a nan gizo ke saƙar. Manominmu na Sakajiki, wanda da ya dubi gabas ya san ko gobe za a yi shuka, galibi ba shi da asusu, banki kuwa sai ya tafi Ƙaura ko Gusau. Sai ga mu 'yan boko zube a gindin itace da manyan wayoyi. Da idona na ga wanda rabonsa da fartanya tun yana firamare ya rubuta sana'arsa noma. Na ga mai cika wa dattawa takarda bisa sharaɗin a yanka masa kasonsa, bai ko gaya musu bashi ne ba. Ni ma ban wanke kaina ba: na cika tawa, ba ta fito ba, kuma ba tsoron Allah ne ya hana ta fitowa ba.

Hujjojinmu biyu ne. Ta farko, wai kuɗin gwamnati ba na uban kowa ba ne, manya ma ci suke yi. Wa ya manta da rumbunan kayan tallafi da jama'a suka fasa a Jos da Kaduna a Oktoban 2020? Watau dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta biyu, wai ai ubana manomi ne. Wannan kam tana da ɗan ƙarfi, don a gidan gandu abin da ɗa ya samo tukunya ɗaya yake shiga. Sai dai a tambaye shi ina kuɗin suka tafi. In taki ya saya wa gandu, ba ni da ta cewa. In babur ne da sabuwar waya, to, sunan tsoho kawai aka ara.

Ta farkon ce ba ta shiga kaina ko kaɗan. Kuɗin nan ƙidayayyu ne. Nairar da ta shiga aljihuna wani ta tsallake, kuma wanda ta tsallake ɗin ba minista ba ne, maƙwabcina ne, irin mutumin nan na ƙasar Zurmi da Shinkafi wanda sai ya biya 'yan bindiga kafin su bar shi ya girbe gerona da ya noma da guminsa. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, an cuce shi sau biyu: an hana shi, sa'an nan a lissafin hukuma an ƙirga shi cikin manoman da aka agaza wa. Ina zai kai kuka, alhali takarda ta ce ya ƙoshi?

Ranar da na cika tawa, wani dattijo abokin mahaifina ya roƙe ni in cika masa. Na ce masa to, Baba, sai gobe, don cajin wayata ya ƙare. Goben nan ba ta zo ba. Har yau in na je gida muka gaisa, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, takardag ga ta hito kuwa?"