Garkuwar Jiki: Shin Rigakafi Rashin Tawakkali Ne?

Kwanan baya wata ɗalibata matar aure ta tare ni bayan mun tashi daga Islamiyya a nan Bagwai, ta ce, "Malama, tunda cuta da lafiya duk na Allah ne, kai yaro allurar rigakafi ba rashin tawakkali ba ne?" Na san da yawanmu muna da wannan tambaya a zuci, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna ta a nan.

'Yar'uwa, mu fara duba abin da Allah (SWT) Ya shirya a jikinmu. Fata ita ce shingen farko, kamar dangar da ake kewaye gida da ita. Majina tana kama ƙwayoyin cuta, hawaye da yawu suna wanke su, ruwan ciki kuma yana kashe da yawa. In wata ta kutsa, sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a cikin ɓargo, su taso mata. Mugunyar da kike gani a maruru, yawancinta gawarwakin waɗannan dakaru ne. Kaluluwar da ke fito wa yaro in ya ji ciwo a ƙafa, sansaninsu ne ya cika da aiki. Abin mamaki kuma, wasunsu ba sa mantuwa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya da wuya ya sake.

To, a kan wannan rashin mantuwa aka gina rigakafi. Ana nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka raunana ko aka kashe, ko wani ɓangare nata, don ya gane ta tun kafin ta zo da ƙarfinta. Allurar ba ita ke yin yaƙin ba, garkuwar da Allah Ya halitta ce ke yi.

Ke kanki kina cikin wannan tsari. Tun jariri yana ciki kike ba shi kariya ta mabiyiya. Dakashin da wasu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, cike yake da sinadaran kariya. Kariyar da ya samu a ciki tana raguwa bayan 'yan watanni, shi ya sa ake yi masa allurar ƙyanda a wata 9.

Ban ce tsoron mutane ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara 11 cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, sai a 2004 aka ci gaba, bayan an kawo magani daga Indunusiya. Sakamakon haka cutar ta gurgunta yara, ta tsallaka har Sudan da Yaman. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Tambaya da bincike haƙƙinmu ne, amma in mun ƙi gaba ɗaya, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke ɗaukar nauyin.

Ki tuna Sayyidina Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Maigidanki ma ba ya zama a zaure ya ce Allah zai cika rumbu. Sai ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noma, sannan ya roƙi damina mai albarka. Wannan shi ne tawakkali.

Yaro amana ne, ba shi da bakin zaɓa wa kansa. Ki shayar da shi nono zalla wata 6, ki kula da tsafta, ki shawarci maigida cikin ladabi ku kai shi asibiti a cike katinsa, sannan ki yi masa addu'a.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa Sunna, amin. Wassalamu alaikum.