Tsoka A Turai, Ƙaya A Bakin Tabki

Dukanmu mun san giwan ruwa. Kifin Kwara ne da Binuwai da Tabkin Cadi, shi ne kuwa masunta ke fariya da shi ran kamun kifi a Argungu. Amma a wannan wata muna so mu yi tunani a kan abin da ya faru da shi a wani wuri mai nisa, wato Tabkin Biktoriya, can gabashin Afirka, inda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka haɗa iyaka.

Da fari babu giwan ruwa a wannan tabki. A zamanin mulkin Ingila, daga wajen 1954 zuwa farkon shekarun 1960, aka kawo shi aka zuba, domin ya cinye ƙananan kifaye waɗanda aka ga ba su da kasuwa, ya mai da su tsoka mai tsada. Ya kuwa yi aikin da aka sa shi. A shekarun 1980 ya cika tabkin, ƙananan kifaye iri kimanin 200 suka ɓace. Sa'an nan masu sayar da abincin marmari a Turai suka gane tsokarsa fara ce, mai laushi, ba ƙaya da yawa. Aka gina ma'aikatu a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana yanke tsoka, a sa a ƙanƙara, jirgin sama ya kwashe. Daga baya attajiran Hong Kong da ƙasar Sin suka shiga neman 'yar jakar iskan nan da ke cikinsa domin miya, har kuɗinta ya fi na tsokar nesa. Abin da ya rage kai ne da ƙaya. Mata sukan saya a ƙofar ma'aikata, su soya ko su shanya, su sayar wa mutanen gari. A Kenya ana kiransa mgongo wazi, wato buɗaɗɗen baya.

To, ina laifi a nan, na wane ne kuma?

Kada mu yi saurin cewa cin abinci mai daɗi zunubi ne. Ubangijinmu ya je biki a Kana, ya kuma ci gasasshen kifi bayan tashinsa. Kada kuma mu ce an yi sata. Masunci da yardarsa ya sayar, gama ma'aikata ta fi maƙwabcinsa biya. Da kuɗin nan waɗansu suka rufa ɗaki da kwano, suka sa 'ya'ya a makaranta. A 1999, sa'ad da Turai ta hana shigar da kifin tabkin saboda waɗansu suna kamu da guba, mutane da yawa suka rasa aiki, sai a 2000 aka buɗe hanya. Wanda ya ce a rufe cinikin bai ga wahalar waɗannan watanni ba.

Duk da haka zuciya ba ta kwanta ba. Kowa ya yi cinikinsa bisa gaskiya, amma yaron da aka haifa a bakin ruwa ƙaya yake tsotsa. Dalili kuwa ba a ɓoye yake ba. Kasuwa ba ta san mai yunwa ba, mai kuɗi ta sani. In mai marmari da mai yunwa suka taya kifi ɗaya, mun riga mun san wanda za a sallama wa.

Allah ya san halin kasuwa tun kafin mu, shi ya sa ya ba Isra'ila dokar kala a Littafin Firistoci sura 19. Mai gona ba zai girbe gefen gonarsa ƙaf ba, ba zai koma ya tsince abin da ya zuba ba. Gonar tasa ce, ba wanda ya musa, amma an yi wa ribarsa iyaka. Wani zai ce, ai kai da ƙayan nan ma kala ne. A'a. Sha'ir ɗin da Rut ta kala a gonar Bo'aza shi ne ainihin wanda Bo'aza ya ci, ba ƙaiƙayi ba. Ba ta kuma biya ko anini ba. Matan bakin tabki kuwa da kuɗi suke sayen abin da aka ƙi, har ma a shekarun 1990 masu niƙa abincin kaji suka shiga tayawa tare da su. (Mu ma kada mu yi tsammani muna nesa da zancen. Busassun kawunan kifi da ke cika kasuwannin Nijeriya, da yawansu daga Norwe suke zuwa, tsokar da yawa ta tafi wani wuri.)

Saboda haka ɗan kasuwa mai bi, ko kifi yake saye ko hatsi, bai gama amsa ba in ya ce, na biya kuɗinsa. Akwai saura tambaya: da na kwashe, me na bar wa mutanen wurin su ci a daren nan? Bo'aza ya umarci ma'aikatansa su zare zangarniya daga dammuna su yar da gangan. Mai lissafi zai rubuta wannan a shafin hasara, Littafi Mai Tsarki kuwa bai rubuta shi can ba. Mun yarda abu ne mai wuya, gama wanda ya bar gefen gona yana gasa da wanda bai bari ba.

Tabkin kansa ma ba a bar masa gefe ba. Aka yi ta kamu har manyan kifi suka ragu, masunta suka koma kama ƙanana da raga mai ƙananan idanu. A 2017 gwamnatin Uganda ta sa soja a kan ruwa, aka ƙone ragogi da jiragen da ba su cika ƙa'ida ba. Mai babban jirgi da inji ya ci gaba da kai wa ma'aikata. Mai ƙaramin kwalekwale shi aka fara fitarwa daga ruwa.