Malam, In Na Kai Ƙorafi Albarkar Karatuna Za Ta Tafi?



Kwanakin baya bayan mun idar da sallar Isha'i wani matashi ya tsaya yana jirana a ƙofar masallaci har mutane suka watse. Ɗan aji uku ne a wata jami'a, ba sai na faɗi sunanta ba. Ya ce an liƙa sakamakon zangon da ya wuce, a wani kwas an rubuta masa cewa bai zauna jarrabawa ba. Shi kuwa ya zauna, ya sa hannu a takardar halarta, abokansa da suka zauna kusa da shi suna nan da ransu. In aka bar abin haka sai ya maimaita kwas ɗin, ƙila ma ya ƙara shekara, ga kuɗin rajista da mahaifinsa ke haɗawa da ƙyar.

Na ce to ɗana, ka rubuta musu mana. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya hana. Wai Baba ya ce ƙaddara ce, ɗalibi ba ya ja da malaminsa, wanda ya kai ƙarar malami albarkar karatunsa ta tafi. Abin da ya kawo shi wurina ke nan: da gaske ne albarkar za ta tafi?

Tambayar ta kwana a raina, domin na san uban ba mugunta ya yi wa ɗansa ba. Tarbiyyar da muka tashi a cikinta ke nan. A zaure ba ka ɗaga murya gaban malam, ba ka miƙe ƙafa, in ya yi tuntuɓen harshe a karatu sai ka san dabarar da za ka tuna masa ba tare da ka kunyata shi ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma wallahi ba na so ta ɓace. Amma mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Girmama mutumin da ya koyar da kai daban, yarda cewa duk abin da ya fito daga ofishinsa daidai ne daban. Na farko wajibi ne. Na biyu kuwa babu wanda ya ɗora mana shi, mu muka ɗora wa kanmu, muka kuma sa masa rigar addini.

Ku duba sura ta 58 a Alƙur'ani, wadda juzu'i na 28 ya fara da ita. Sunanta ma daga jayayya ya samo asali. Khaulatu 'yar Sa'alaba ce ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan ziharin da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata. Amsar da ta fara samu ba ta warware mata damuwarta ba, sai ta ci gaba da maimaita maganarta, tana kawo tsufanta da halin 'ya'yanta, tana kai kuka ga Allah. Ba a kore ta ba, ba a ce ta yi rashin ladabi ba. Hukunci ne ya sauka da ya buɗe mata ƙofa. To in mace tana iya mayar da magana a wannan majalisi mafi daraja, wane ofishin jami'in jarrabawa ne ya fi ƙarfin a ce masa "ranka ya daɗe, a sake dubawa"?

Haka malamanmu suka gada. Imamu Shafi'i ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya kuma saɓa masa a mas'aloli da yawa, bai daina ganin girmansa ba. Abu Yusuf da Muhammadu ɗan Hasan sun saɓa wa malaminsu Abu Hanifa, har yau saɓanin nasu yana cikin littattafan mazhabar, ba a goge shi ba. A nan gida ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana matuƙar girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar, amma da aka zo batun kafirta Musulmi saboda manyan zunubai bai bi shi ba, ya rubuta saɓaninsa a fili cikin ladabi. Wa zai ce albarkar karatun Shehu ta tafi?

Kuma fa wannan duk a kan ilimi ne tsantsa. Abin da ya sami yaron nan bai ma kai nan ba. Shi ba cewa ya yi malam bai iya kwas ɗinsa ba. Cewa ya yi an yi kuskure a rubutu. Lakcara ɗaya yana duba ɗaruruwan takardu, ya tara maki, ya kwafe zuwa wata takarda, wani ya shigar a kwamfuta, a kai sashe, a kai tsangaya, a kai majalisar malamai ta jami'a. A kowane mataki ɗan Adam ne, ga gajiya, ga albashin da ba ya isa, ga rashin wuta. In ba a sami kuskure ba ai shi ne abin mamaki. Wanda ya nuna wa malami kuskuren da zai cuci wani, taimakonsa ya yi, domin ya sauke masa haƙƙin da bai ma san ya ɗauka ba. A wasiƙar da aka ruwaito Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya ja hankalinsa cewa hukuncin da ya riga ya yanke kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa daga baya. Alƙali ke nan fa, balle mai tara maki.

Ɗalibai da yawa ba su san cewa dokar ƙasa ma tana tare da su a nan ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Akwai kuma shari'ar da lauyoyi suka sani sosai, ta Garba da Jami'ar Maiduguri. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983 jami'ar ta kori wasu, suka tafi kotu, magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar. Daga cikin dalilanta, wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ga shi mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Ta kuma ce laifuka irin su ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne, ba na kwamitin ladabtarwa ba. Ku lura, kotu ba ta ce tarzoma abu ne mai kyau ba. Cewa ta yi ko wanda ake zargi da tarzoma sai an ji ta bakinsa a gaban wanda ba shi da ɓangare.

Sai dai kotuna sun ja layi, kuma ni ina ganin layin yana da ma'ana. Ba sa son shiga cikin abin da ya shafi awon ilimi kansa: ko amsar nan ta cancanci maki hamsin ko saba'in, ko wannan ya cancanci digiri. Wannan sun bar wa jami'a da majalisar malamanta. Abin da suke dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, ko an saurari mutum, ko an yi son kai. Shi ya sa hanya ta farko tana cikin jami'ar: littafin dokokin ɗalibai da aka ba ka ranar rajista ka jefa ƙarƙashin katifa, a jami'o'i da yawa akwai bayanin yadda ake neman a sake duba takardar amsa, da wa'adinsa, da kuɗin da ake biya. In abu ya faskara, akwai Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a da aka kafa tun 1975, ita ma ƙofa ce.

To amma mu faɗi gaskiya, haƙƙin yana kan takarda, tsoro ne ke cinye shi. Takardar ƙorafinka sau da yawa sai ta bi ta hannun shugaban sashe, wani lokaci kuma shi ne malamin da kake kuka da shi, ko amininsa. Kana tunanin gobe zai sake koyar da kai, ko a ba shi duba aikin bincikenka na ƙarshe. Sai ka haɗiye. Mu kuma iyaye da malaman addini mu zo mu shafa wa wannan tsoron mai, mu kira shi haƙuri. Haƙuri fa na abin da ba ka da ikon gyarawa ne, ko haƙƙinka da ka yafe da zaɓinka alhali kana iya karɓa. Wanda aka toshe wa baki ba yafewa ya yi ba. Kuma shirun nan ba a kan maki yake tsayawa ba. Duk wanda ya ga binciken da BBC ta fitar a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai mata da lalata don maki ya san abin da ke girma a wurin da ɗalibi ya tabbata kukansa ba zai je ko'ina ba. Yarinyar da muka koya wa cewa ba a kai ƙarar malami kan maki biyar, ranar da aka rufe ƙofar ofis da ita a ciki me muke so ta yi?

Yanzu kuma ku ɗalibai, kada ku ɗauki wannan rubutu ku ce Malam ya ba mu lasisi. Na san halinku. In sakamako ya yi kyau sai ka ji "na ci", in ya lalace sai ka ji "malam ya kayar da ni". Wani bai shiga aji ba sai sau uku, bai karanta komai ba sai daren jarrabawa, amma shi ne kan gaba wajen cewa an tsane shi. Wani kuma bai rubuta wa kowa takarda ba, sai ya hau Facebook ya kama sunan bawan Allah ya yi masa ƙazafi, abokai suna tayawa. Wannan zalunci ne, kuma malami ma yana da mutuncin da Allah zai tambaye ka a kansa. Mai neman haƙƙi da gaskiya yana zuwa da hujja, yana bin matakai, yana faɗin abin da ya faru ba tare da ƙari ba, kuma yana shirye ya karɓi sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba. Sake duba takarda na iya ƙara maki, yana kuma iya ragewa. In ba ka shirya wa na biyun ba, to ba gaskiya kake nema ba, maki kake nema.

Na koma kan yaron. Washegari na je na sami mahaifinsa a shagonsa, muka gaisa, na ce Alhaji, in ka ba yaron shagonka lissafi ka ga ya tsallake buhu ɗaya, ka fi so ya gaya maka ko ya yi shiru don ladabi? Ya yi dariya ya ce ai wannan daban. Muka daɗe muna magana, a ƙarshe ya ce ya yarda amma da sharaɗi: yaron ya fara zuwa wurin malamin da kansa ya gaishe shi kafin ya rubuta komai. Na ce wannan sharaɗin ya fi shawarata kyau.

Ya je. Malamin bai sake masa fuska ba da farko, ya ce kowa haka yake cewa, amma ya ce ya rubuto ta hannun jami'in jarrabawa ya haɗa da shaidar halarta. Aka ɗauki kusan wata biyu yana sintiri. Da aka zaƙulo takardar, ashe shi ne ya juya lambobi biyu a lambar rajistarsa, makinsa ya rasa mai shi. Shekaranjiya ya zo ya gaya mini an gyara. Na ce nawa ka samu? Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ɗauka zai fi haka, da ƙyar ya haye. Ya ce malamin ya ce masa gobe in zai rubuta lambarsa ya buɗe ido.