Jinga da Ranar Shari'a

A daminar 2022 kogin Hadejia ya cika ya batse, ruwa ya shanye gonakin shinkafa daga Auyo har Kirikasamma. Mazan gari suka koma kwana a bakin jinga, suna cika buhuna da ƙasa. Wani saurayi cikin mawaƙan wata majami'a ya ƙi fita.

Wani tsohon mai bishara ya je har ɗaki ya same shi, laka har gwiwa.

"Ɗana, lafiya ba mu gan ka ba?"

"Baba, wahalar banza kuke yi. Wannan ambaliya alamar ƙarshen duniya ce, kamar zamanin Nuhu." Ya shimfiɗa wata takarda da ya zana da jan biro. "Duba: da fari za a fyauce masu bi. Sai ƙunci na shekara 7, sai Almasihu ya dawo ya yi mulkin shekara 1000. Daga nan a ta da sauran matattu, a tsaya gaban farin kursiyi, a buɗe littafin rai."

Yaron bai ƙirƙiri kome ba, haka aka koya masa. Sai dai ba duk Kirista ke jera abin haka ba. Koyarwar fyaucewa kafin ƙunci, John Nelson Darby ne ya yaɗa ta a ƙarni na 19. Katolika da wasu tsofaffin ɗariku kuwa sun bi Agustin, wanda ya ɗauki shekara dubun nan a matsayin zamanin ikkilisiya da ake ciki yanzu. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne: Almasihu zai dawo, matattu za su tashi, za a yi shari'a, ranar kuma a ɓoye take.

Dattijon ya gyara zama. "Ruwan nan na san asalinsa. Ga na sama, ga wanda ke gangarowa daga madatsun ruwan Tiga da Challawa, ga kachala ta toshe masa hanya. Shi Nuhun da ka ambata, da aka gargaɗe shi, zama ya yi ko sassaƙa?"

Saurayin ya yi shiru.

"Buɗe Matiyu sura 25, inda ake ware tumaki da awaki. Akwai wanda aka tambaya jerin kwanaki?"

Ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. "A'a, Baba. Maganar mayunwaci ce, da baƙo, da marar lafiya."

"To, makarantar firamaren can cike take da matan da ruwa ya rushe wa ɗakuna. Tun safe 'ya'yansu ba su sa kome a baki ba."

Saurayin ya ninke takardarsa ya sa cikin Littafi. Ya auni kwano biyu na gero daga buhun mahaifiyarsa, da izininta, ya kai makarantar, sannan ya ɗauki shebur. Ranar a bakin jinga ya kwana, shi yana haƙa, wani maƙwabcinsa Musulmi yana riƙe masa bakin buhu.